Masu Auna Waƙa a Ƙasar Hausa: Tarihin Sharhi da Ra'ayin Mai Sauraro

Sharhi a kan kiɗa da waƙa tsohon abu ne a ƙasar Hausa da maƙwabtanta, sai dai bai taɓa zama sana'ar mutum guda da kowa ke jiran ya yanke hukunci ba. A Turai jaridu sun daɗe da ware marubucin da aikinsa ke nan, ya halarci wasa ya dawo ya rubuta ko ya yi armashi ko bai yi ba. Makaɗin Jamus Robert Schumann ya kafa mujallar sharhin kiɗa a birnin Lafzig tun a 1834. A nan kuwa hukuncin waƙa ya rarrabu a hannun mutane da yawa: taron dandali, sarki da fadawansa, malaman addini, ma'aikatan rediyo, malaman jami'a, hukumar tace waƙoƙi, sai kuma mai riƙe da waya a yau. Kowane zamani ya kawo nasa alƙalin ba tare da ya tsige na baya ba. Bin tarihinsu ɗaya bayan ɗaya shi ke nuna inda maganar mai sharhi ta amfani mai sauraro, da inda ta tashi a banza.

Dandali da gona

Alƙali mafi daɗewa shi ne taron jama'a, kuma har yanzu ana iya ganin yadda yake aiki a garuruwa irin Manga, a ƙaramar hukumar Zuru da ke kudu maso gabashin Jihar Kebbi. Yawancin mutanen wannan yanki Lelna ne, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari. Harshensu C'lela ne, amma Hausa ce harshen kasuwa da mu'amala tsakaninsu da sauran ƙabilun masarautar Zuru. Babban bikinsu na shekara shi ne Uhola, wanda ake yi bayan an kawar da amfanin gona, da kiɗa da rawa da kokawa. Suna kuma da al'adar golmo, inda samari kan haɗu ƙungiya su yi wa iyayen 'yan matan da za su aura noma na tsawon shekaru. Irin wannan aikin taro, kamar gayya a ƙasar Hausa, da kiɗa da waƙa yake tafiya.

A irin wannan wuri babu tazara tsakanin mai waƙa da mai sauraro, domin mai sauraron shi ne ɗan amshi, shi ne mai rawa, shi ne kuma wanda ake waƙar dominsa. Ma'aunin a bayyane yake. Waƙar noma ta yi kyau idan ta sa majiya ƙarfi sun ƙara duƙawa a kan kunya. Taken ɗan kokawa ya yi kyau idan ya tsima mai shi ya fito fili. Waƙar dandali ta yi kyau idan 'yan mata sun karɓe ta nan take, kuma aka sake jin ta a bikin baɗi. Wadda ba ta karɓu ba, ba wanda zai tsaya sukarta, mantawa da ita kawai ake yi.

Duk da haka dandali yana da masanansa. Tsofaffin da suka daɗe suna jin kiɗa su ne ke gane makaɗin da ya ɓata take, ko mawaƙin da ya ɗora wa wani gida kirarin da ba nasa ba. Maganarsu tana da nauyi saboda kowa ya san sun riga shi ji, kuma a gaban jama'a suke yin ta, inda wani tsohon zai iya musa musu.

Fada da kyautar sarki

A masarautun Hausa kiɗa ya zama sana'a mai tsari, mai gado da sarauta. Akwai makaɗan tambari da masu busa kakaki da algaita, akwai makaɗan taushi da kotso da jauje, kuma kowane rukuni da shugabansa, kamar Sarkin Taushi ko Sarkin Makaɗa. A cikin ƙungiyar makaɗin fada akan tace waƙa tun kafin ta fita gida. Shugaba ya kawo gindin waƙa da ɗiyanta, 'yan amshi su karɓa su yi ƙari, a yi ta maimaitawa har kalma ta zauna daidai a kan kiɗa. Yaron da ya tashi a irin wannan gida ya sha gyara shekara da shekaru kafin a bar shi ya ja waƙa a gaban sarki.

Idan waƙa ta iso fada, fadawa ne masu binciken ta. Sun san nasabar gidan sarauta, sun san wanda ya ci wane yaƙi, sun kuma san ɗan sarkin da ake nufi da kowane zambo ko habaici ko da ba a ambaci suna ba. Makaɗin da ya tsallake kakan sarki, ko ya yi zambon da ya wuce gona da iri, zai ji a jikinsa. Hukuncin ƙarshe kuwa kyauta ce: riga, rawani, doki, hatsi, daga baya kuma mota da kujerar Makka. Masanin zamantakewa M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya wallafa maƙala a 1957 a kan roƙo, inda ya nuna yadda yabo da kyauta ke tabbatar da matsayin kowa a cikin al'umma.

Raunin wannan alƙalanci a fili yake: wanda ake yabo shi ne mai ba da maki. Sai dai tarihi ya nuna cewa kyautar sarki ba ita ke raya waƙa ba. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin kotso daga Tubali, ubangidansa Sarkin Gobir na Isa Amadu ne, wanda hakimi ne a ƙarƙashin Sarkin Musulmi. Akwai sarakunan yanka da suka fi shi ƙasa da dukiya, suna kuma da makaɗansu. Amma waƙoƙin Narambaɗa ne suka game ƙasar Hausa, har ana sauraronsu yau, fiye da shekara sittin bayan rasuwarsa, a garuruwan da ba su san Isa ba. Haka Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wato Salihu Jankiɗi, wanda ya rasu a 1973, da Musa Ɗanƙwairo na Maradun, wanda ya rasu a 1991, da Aliyu Ɗandawo da ya yi wa sarakunan Argungu da Yawuri waƙa. Fada ce ta ciyar da su, amma kunnen talakawa ne ya adana su.

Makaɗa su kansu masu sharhi ne a kan junansu. Narambaɗa da Mamman Shata kowannensu yana da waƙar da ake kira Bakandamiya, inda mawaƙi ke bayyana gwanintarsa, ya faɗi abin da ya ɗauka waƙa ce ta ƙwarai, ya kuma kushe masu yin ta da ka. Daga irin waɗannan waƙoƙi masu sauraro suka koyi yawancin ma'aunin da suke auna sauran mawaƙa da shi.

Malamai da hukuncin halal da haram

Jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya jagoranta daga 1804 ya kawo wata tambaya dabam. Malaman jihadi ba daɗin waƙa suke tambaya ba, halaccinta suke tambaya. A cikin Kitabul Farƙ Shehu ya lissafa shagala da kaɗe-kaɗe cikin ɗabi'un sarakunan Haɓe da ya kamata a bari, ko da yake an yarda da ganga don yaƙi ko tara jama'a, da kuma duffi a wajen aure. Ƙanensa Abdullahi na Gwandu, wanda ya rasu a 1829, ya fi tsanani. A cikin Tazyinul Waraƙat ya koka da yadda wasu daga cikin jama'ar jihadi suka karkata ga mulki da ado da kayan kiɗa bayan an ci nasara. Shehu kuwa, a rubuce-rubucensa na baya irin su Najmul Ikhwan, ya yi sassauci, ya nuna cewa malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, don haka bai kamata a tsananta wa jama'a a kan abin da ake saɓani a kansa ba.

Wannan muhawara ta bar gado iri biyu. Na farko, ta ƙara tabbatar da kallon da ake yi wa maroƙi a matsayin mai ƙaramar sana'a, wanda ake jin daɗin waƙarsa amma ake ƙyamar ba shi aure. Shata kansa, wanda ba gadon kiɗa ya yi ba, ya fuskanci ƙin amincewar mahaifinsa lokacin da ya fara waƙa a Musawa. Na biyu, ta haifar da rubutacciyar waƙa mai ƙarfi, wadda ake rerawa ba tare da kiɗa ba. Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi amfani da waƙa wajen karantar da mata ta hanyar ƙungiyar 'Yan Taru. Ita wannan waƙa tana da ma'auni tsayayye da aka ɗauko daga ilimin aruli na Larabci: kari, amsa-amo, yawan ɗango a baiti. Malami yana iya nuna wa almajiri daidai inda kari ya karye, kuma ba gardama.

Kiɗan fada bai mutu ba saboda hukuncin malamai. Ya ci gaba a Sakkwato da Gwandu da sauran masarautun da jihadin ya kafa. Muhawarar ma ba ta mutu ba. Ta sake tasowa a kan bandirin 'yan Ƙadiriyya da waƙoƙin bege, musamman bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978. A ƙasar Zuru, inda Musulmi da Kirista da masu bin addinin gargajiya ke zaune tare, shugabannin coci su ma sun yi nasu zaɓen a kan irin kiɗan da ya dace da ibada, kuma ƙungiyoyin mawaƙa da na zumuntar mata sun samar da waƙoƙi da Hausa da C'lela masu amfani da ganga da kayan kiɗan gida.

Jarida, faifai da rediyo

Zamanin Turawa ya kawo na'urorin da suka raba waƙa da wurin da aka yi ta. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta riƙa buga rubutattun waƙoƙi da wasiƙun masu karatu, amma ba ta mayar da sharhin kiɗa wani fage na musamman ba. Faifan garmaho da rediyo ne suka yi babban tasiri. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, gidan rediyon Kaduna kuma a 1962. Daga nan mutumin Manga yana iya jin Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa, ko Ɗan Anace yana wasa ɗan dambe Shago, ba tare da ya bar garinsu ba.

Rediyo ya samar da sabbin alƙalai biyu. Na farko shi ne ma'aikacin da ke zaɓen wanda za a ɗauka a faifai da wanda za a sa wa jama'a. Ba ya rubuta sharhi, amma zaɓensa ya fi kowane sharhi ƙarfi, domin makaɗin da ba a ɗauka ba ya tafi da waƙoƙinsa kabari. Abin da ake kira manyan makaɗan Hausa a yau, mafi yawansu waɗanda aka ɗauki muryarsu ne a Kaduna da Kano da Sakkwato. Na biyu shi ne mai sauraro da kansa, ta hanyar shirin Zaɓi Sonka, inda mutane ke aika kati su gai da 'yan'uwa su kuma zaɓi waƙar da za a sa musu. 'Yan zaɓi sonka sun kafa ƙungiyoyi a garuruwa da yawa, kuma yawan katin da ke neman waƙa ya zama ƙuri'ar da ma'aikatan gidan ba za su iya kau da kai daga gare ta ba.

Siyasa ma ta shigo cikin ma'auni. Bayan kafa NEPU a 1950 da fitowar NPC a matsayin jam'iyya, mawaƙa sun rabu, masu sauraro ma sun rabu. Waƙar da ɗan NPC ke ji da daɗi saboda ta yabi Sardauna, ɗan NEPU ba ya son ko jin ta, komai kyan tsarinta. A ɓangaren marubuta kuwa an sami ƙungiyoyin da mambobi ke karanta wa juna waƙa ana gyara, irin su Hikima ta Mudi Sipikin a Kano da Hausa Fasaha ta Aƙilu Aliyu, haifaffen Jega. Wannan shi ne sharhin gwani ga gwani, kuma ya taimaka wajen ɗaga darajar rubutacciyar waƙa.

Zuwan kaset a shekarun 1970 ya rage ikon gidajen rediyo. Mai shagon kaset a tasha ko kasuwa yana kwafar abin da ake nema ne kawai. Ta wannan hanya waƙoƙin Muhammadu Gambo Fagada, mutumin ƙasar Kebbi da aka sani da mai waƙar ɓarayi, suka bazu, duk da ƙyamar da malamai da dattawa suka nuna musu. Haka Barmani Coge ta Funtuwa, mai kiɗan amada da ƙwarya, wadda ta rasu a 2013. Maza da yawa sun zargi wasu waƙoƙinta da rashin kunya, amma mata, waɗanda dominsu take yi, sun riƙe ta a bukukuwansu shekaru da dama, suna jin kiran da take musu na su tashi su nemi sana'a.

Jami'a da ilimin nazarin waƙa

Sharhi a matsayin ilimi mai ƙa'ida ya fito ne daga jami'o'i. David Ames da Anthony King sun wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975 a kan Mamman Shata. Ɗalhatu Muhammad na Jami'ar Ahmadu Bello ya tattara waƙoƙin Aƙilu Aliyu a littafin Fasaha Aƙiliya. Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya fitar da Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993, inda ya shimfiɗa hanyar bin waƙa daki-daki: salsalarta, turkenta, tubalan da aka gina turken da su, zubi da tsari, da salon sarrafa harshe. Abdullahi Bayero Yahya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya rubuta Salo Asirin Waƙa, Aliyu Muhammad Bunza kuma ya yi littafi a kan Narambaɗa. A wajen jami'a, Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun wallafa tarihin Shata mai suna Shata Ikon Allah a 2006.

Wannan aiki bai ƙirƙiri farin jinin kowa ba. Lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, ya riga ya shafe fiye da shekara arba'in yana cika fili. Jami'a ta zo ne ta sa hannu a kan hukuncin da direbobi da 'yan kasuwa da matan aure suka riga suka yanke. Amma ta yi abubuwa uku da taron jama'a ba ya iya yi. Ta rubuta matanin waƙoƙi kafin faifai su lalace. Ta yi hira da makaɗa da 'yan amshinsu tun suna raye, aka san ranar da aka yi waƙa da dalilin yin ta. Ta kuma fassara abin da zamani ya rufe: tsofaffin kalmomin Sakkwatanci da Gobiranci, sunayen dawaki da kayan yaƙi, da mutanen da aka yi wa habaici. Saurayin da ke jin Narambaɗa a yau yana jin daɗin kiɗan da kansa, amma rabin ma'anar sai da taimakon manazarci yake samun ta.

Nazarin jami'a yana da nasa gibin. Ya fi karkata ga kalmomi fiye da kiɗa, domin yawancin masu yin sa daga sashen harshe suka fito, ba daga sashen kiɗa ba. Ya kuma fi yawa a kan makaɗan fada da fitattun mawaƙan Hausa. Abin da aka rubuta a kan waƙoƙin Uhola da na golmo da sauran waƙoƙin C'lela bai kai ko kusa da abin da aka rubuta a kan makaɗin fada guda ɗaya ba. A garuruwa irin Manga, adana waƙa ya dogara ne ga ƙwaƙwalwar tsofaffi da bidiyon da matasa ke ɗauka a waya ranar biki. A nan ake ganin asarar da rashin manazarci ke jawowa: waƙar tana nan a bakin mutane, amma bayanin wanda ya fara ta da abin da take nufi yana tafiya tare da masu shi.

Fim, fiyano da hukumar tacewa

Fim ɗin bidiyo na Hausa, wanda aka fara da Turmin Danya a Kano a 1990, ya haifar da sabon nau'in waƙa a ƙarshen shekarun 1990. Ana yin ta a sutudiyo da fiyano, namiji da mace suna amsa wa juna, da salon da ya ɗauko abubuwa da yawa daga finafinan Indiya. Ita ce aka sani da nanaye. A wannan lokaci ne aka fara samun sharhin nishaɗi na yau da kullum a rubuce, a mujallu irin su Tauraruwa da kuma Fim, wadda Ibrahim Sheme ya fara bugawa a 1999. Masana irin su Abdalla Uba Adamu sun yi nazari mai zurfi a kan asalin wannan kiɗa da yadda ya shigo.

Suka ta yi yawa. Masu kishin gargajiya sun ce wannan ba kiɗan Hausa ba ne, malamai sun ce rawar maza da mata ta saɓa wa tarbiyya, tsofaffin makaɗa kuma sun ce na'ura ce ke yin aikin. Matasa sun saurari duk wannan, suka ci gaba da saye. Cikin shekaru kaɗan fiyano ya mamaye gidan biki da dandalin siyasa har da waƙoƙin bege, kuma daga cikinsa aka sami mawaƙa irin su Aminu Ala, wanda jami'o'i suka dawo suna nazarin waƙoƙinsa.

Bayan dawo da shari'ar Musulunci a wasu jihohin Arewa tun daga 1999, Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a 2001. Wannan alƙali ne mai ikon doka, wanda zai iya hana sayar da waƙa ko gurfanar da mai ita. A 2009 wata kotun tafi-da-gidanka a Kano ta haramta waƙoƙi 11. Haramcin ya zo daidai lokacin da wayar hannu ta yawaita, ana tura waƙa daga waya zuwa waya ta Bluetooth, ko a ɗora ta a katin ajiya a shagon masu caji. Hana ta a kasuwa bai hana ta yawo a aljihu ba, kuma sau da yawa labarin haramcin ne ke sa wanda bai taɓa jin waƙar ba ya neme ta.

Zamanin waya

A yau kowa mai sharhi ne. Waƙa takan fito a YouTube ko TikTok da safe, kafin dare dubban mutane sun faɗi ra'ayinsu a Facebook. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta zama misali a 2020, lokacin da matan aure suka riƙa ɗora bidiyon kansu suna taka rawa da ita a gaban mazajensu. Masu wa'azi sun yi tir, wasu marubuta sun kare, waƙar kuwa ta ƙara bazuwa. Ma'aunin da ake kafa hujja da shi yanzu shi ne yawan waɗanda suka kalla, wato Zaɓi Sonka ne ya dawo da sabuwar riga. Kyautar ubangida ma ba ta kau ba, ta koma hannun 'yan siyasa da attajirai, kuma sarakuna na ci gaba da naɗa mawaƙa sarauta.

Yawan masu kallo yana nuna abin da ake yayi, amma ba ya bambance waƙar da za ta shekara hamsin da wadda za ta mutu bayan zaɓe. Sharhin intanet kuma yakan cakuɗe da son kai: magoya bayan wani mawaƙi, 'yan wata jam'iyya, ko waɗanda aka biya su yaba. Saboda haka bukatar mai sharhi mai ilimi da gaskiya ta ƙaru, ba ta ragu ba.

Abin da tarihin ya nuna

Daga dandali zuwa waya, abu guda ya maimaita kansa. Duk lokacin da mai sharhi ya tsaya a matsayin mai ba da umarni, yana cewa a so wannan a ƙi wancan, masu sauraro sun bi kunnensu. Hukuncin malaman jihadi bai kashe taushi ba, ƙyamar dattawa ba ta hana kaset ɗin Gambo sayuwa ba, sukar masana ba ta tsayar da nanaye ba. Duk lokacin da ya tsaya a matsayin mai ƙarin haske kuwa, ya amfanar: tsohon da ya gyara take a filin kokawa, bafaden da ya tsare nasaba, malamin da ya nuna karyewar kari, manazarcin da ya warware zambon da aka yi shekara tamanin da suka wuce.

Ra'ayin mai sharhi ya cancanci a saurare shi gwargwadon abin da ya sani wanda mai sauraro bai sani ba, da gwargwadon yadda ya tsarkaka daga kyautar mawaƙi ko ta ubangidansa. Yana iya faɗin inda waƙa ta samo asali, abin da take nufi, wanda ta kwaikwaya, da ko maganar da ke cikinta gaskiya ce. Amma ko ta yi daɗi ko ba ta yi ba, wannan hukunci a ƙasar Hausa bai taɓa barin hannun mai sauraro ba.